Ranar da Hulda Ta Wanke Fitilun Azariya

Idan ka bi layin da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, ka wuce masu sayar da katako, za ka ga wani gida mai ƙofar langa-langa da bishiyar gwaiba a tsakar gida. Gidan Mama Hulda ke nan, mai wanke fitilar mota. Duk direban da fitilunsa suka yi hazo, suka koma kamar an shafa musu kunu, can ake tura shi. Mace ce gajeruwa mai kaurin hannu, ta haura hamsin, idonta na hagu fari fat, ba ya ganin komai. Direbobi kuwa, ka san bakinsu, sukan ce mai gyaran idon mota ta kasa gyara nata. Ba ta dariya, ba ta kuma fushi. Sai dai kafin ta taɓa motarka za ta tsaya, ta dube ka da idon nan guda, ta tambaye ka ko akwai wanda ya san fitilarka. Baƙo yakan ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta. Ba tsufa ba ne.

Sana'ar a gida ta same ta. Ubanta, Baba Meshak, ɗan wani ƙauye ne can bayan Kwoi, ya bar noman citta ya shigo aikin reluwe tun jirgi yana jirgi. Aikinsa kula da fitilun sigina: ya zuba kananzir, ya gyara lagwani, ya goge gilashi da toka da tsohuwar jarida. Tun Hulda tana 'yar shekara takwas take riƙe masa kwanon toka. Mutum ne marar yawan magana, amma a kan gilashi ba ya ragawa kowa. Yakan ce mata mutum ɗari biyar suna barci a cikin jirgi bisa amanar wannan ɗan gilashin, saboda haka in ta bar tabon yatsa ɗaya, ta sake daga farko. Ta kuwa sha sakewa, har da kuka.

Jirgi ya mutu, Baba Meshak ya bi shi. Hulda ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, mijin ya rasu, ta yi tuyar ƙosai, ta yi ɗinki, duk ba su tsaya ba. Da motoci suka koma zuwa da fitilun roba maimakon gilashi, rana tana cin su suna yin ja, sai ga aikin ubanta ya dawo ya same ta har tsakar gida. Wani mai fenti ya nuna mata sanfefa mai laushi, takardar gurza nan, da feshin da suke kira kiliya, sauran kuwa a hannunta yake tun tana yarinya. Za ta wanke fitila da sabulu, ta zagaye bakinta da salatif don kada ta ci fentin mota, ta jiƙa sanfefa ta fara da mai kaushi. Ruwan farko yakan zubo ja-ja, na biyu fari kamar madara. Ba ta juya hannu a da'ira, a'a, ta ja a kwance, in ta sauya takarda ta ja a tsaye, haka har ta kai mai laushin da ba ka jin komai a yatsa. Sannan man goge baki da tsumman tsohuwar singileti, sannan feshi, sannan a bar motar a inuwar gwaiba ta sha iska. In ta gama kana ganin ƙwan fitila a ciki kamar kifi a ruwan kwano.

To, abu ɗaya ne ya tsaya wa Hulda a wuya shekara da shekaru, shi ne motar ƙanenta Azariya. Shi bai bar ƙauye ba. Yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya, ita kaɗai ce mota a ƙauyen, da ita yake kawo citta da doya Kafanchan ranar kasuwa, da ita ake kai marar lafiya asibiti, da ita ake kai gawa. Fitilun motar nan, kai, abin kunya ne. Ta hagu ta yi ja kamar ruwan goro, ta dama ta dushe har haskenta bai wuce taku goma ba. Kuma duk ranar kasuwa a ƙofar gidanta yake ajiye ta, a gaban masu kawo mata aiki. Ta yi masa magana da daɗi, ta yi da faɗa, ta ce ko sisi ba za ta karɓa ba. Kullum amsarsa ɗaya, wai a bar su haka, ya saba. Ta ce taurin kai ne irin na mazan gidansu. Ta ce wata rana zai afka rami da mutane a ciki, sunanta za a kira.

A shekarun nan hanyar ƙauyensu ta zama abin da ta zama. Mutanen daji sun shiga sau biyu, na biyun a mota suka zo, aka binne mutum tara rana ɗaya. Daga nan Azariya ya rage surutu, in yamma ta yi sai ka ga yana duban rana yana duban agogo. Hulda ta san akwai 'yan sintiri a kan dutsen da ke saman gadar shiga ƙauyen, kowa ya sani. Yadda suke gane nasu da baƙo ne ba ta taɓa tambaya ba, ba a kuma taɓa gaya mata ba.

Wata ranar kasuwa cikin watan Agusta, Azariya ya sauke kaya, ya dawo da motar tsakar gidanta saboda layin ya yi taɓo, ya ce zai je neman taki, sai la'asar. Ranar babu aiki. Hulda ta dawo daga taron zumuntar mata, ko zanen zumuntar ba ta cire ba, ta zauna a kujera tana kallon fitilun nan, su ma kamar suna kallonta. Zuciya ta ce mata, yau dai. Serah matar Azariya cikinta ya tsufa, ko yau ko gobe, in abin ya zo da duhu da waɗannan makafin fitilu zai ɗauko ta? Ta miƙe ta ɗauko bokiti.

Ba ta taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba, wannan kam ko ita ba ta musu. Ƙunar rana ta shekara goma sha biyu ta zubo a ƙasa ja-ja, ta bi ta gindin gwaiba. Awa uku tana kai. Da ta gama ta ja baya ta riƙe ƙugu, daɗi ya cika ta, har ta ce a ranta da Baba yana nan da bai sami abin cewa ba.

Wajen ƙarfe biyar Azariya ya shigo da gudu, babu taki. Wani ɗan acaba daga ƙauye ya tare shi a kasuwa da saƙo: naƙuda ta kama Serah tun hantsi, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a zo da mota. Yana faɗa yana laluben makulli. Sai idonsa ya sauka a gaban motar. Ya tsaya cak. Hulda tana jira ya yi tsaki, ko ya yi murmushin da ba ya so a gani. Bai yi ko ɗaya ba. Ya durƙusa a gaban motar, ya shafa fitilar da yatsa.

"Yaya, kin kashe ni," ya ce, a hankali.

Nan ya gaya mata abin da ya rantse a gaban mai unguwa da fasto ba zai gaya wa kowa ba, ko ɗan'uwa, don alamar da ta shiga gari ta zama ta kowa. In rana ta faɗi, masu tsaro a kan dutse ba sa ganin mota, haske kawai suke gani yana saukowa daga gangare. Ja a hagu, dusasshe a dama, wannan Azariya ne, a ɗage itacen da ke kan gada. Ƙaho kowa yana iya busawa, ƙyafta fitila kowa yana iya koya, amma babu mai iya ƙera fitilun da suka tsufa haka. Duk wani haske da ba wannan ba, ba a tambayarsa suna. Motar da ta zo ranar mutum tara, farin haske gare ta, tas, irin wanda ke gabansu yanzu.

Hulda ta ce a kira masu tsaron a waya. Ya ce rabon ƙauye da sabis tun bikin Ista. Ta ce ɗan acaban fa? Ya wuce Kagoro, sai gobe. Ta ce ya kashe fitilu ya lallaba. Ya dube ta, ya ce mai zuwa a duhu ba fitila ai shi aka fi jira. Ta ce ya kwana, da asuba ya tafi. Ita kanta da ta faɗa sai ta ji kunya.

Ta duba sama. Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. In hanya ta yi kyau za su kai gada da sauran haske, amma yaushe rabon hanyar da kyau? Ta shiga madafa ta fito da kwalbar manja, ta ɗebi jar ƙasa a gindin katanga, ta kwaɓa a tafin hannu, ta shafe aikin awa uku cikin minti biyu. Ta ce ya kunna. Hasken ya fito ja-ja, ba daidai ba, amma daga nesa zai iya wucewa. Azariya ya shiga mota. Kafin ya tayar, ta buɗe ɗaya ƙofar ta zauna da kwalbar a cinya. Ya ce ta sauka. Ta ce ita ta ɓata, ita za ta kai, in yana da lokacin gardama ita tana da shi. Ya ja mota.

Ruwa ya same su tun kafin Kwoi. Ba yayyafi ba, ruwa irin na Agusta mai dukan rufin mota har ba ka jin na kusa da kai. Hulda tana kallon hasken a kan titi yana sauya launi a gabanta, daga ja zuwa ruwan ɗorawa, daga nan zuwa fari. Feshin da ta yi ne, santsi gare shi, ba abin da ke kama shi, ai don haka ake biyanta. Suka tsaya ta sake shafawa. Bayan Kwoi, inda kwalta ta ƙare, suka sake tsayawa. A tsayawa ta uku kwalbar ta ƙare, ta shafa taɓo zalla, bai yi taku ɗari ba ruwa ya ɗauke shi. Motar ta kafe sau ɗaya, suka tura. Duk gonakin citta da suka wuce babu kowa, ko akuya. Duhu ya rufe su tun da sauran tafiya.

Hulda ta ji Azariya yana addu'a ƙasa-ƙasa da yarensu, yana ambaton sunan Serah, bai ambaci nasa ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, har da na ranar da mijinta ya rasu, don wancan ba ita ta jawo shi da hannunta ba.

A saman gangare Azariya ya taka birki. Can ƙasa ga gada, ga itacen a gicciye, ga rafi ya cika yana ruri. Bayan gadar dutsen ne, baƙi, ba ka ganin komai a kansa. Amma su biyun sun san akwai idanu a can, kuma tun da hasken ya leƙo gangaren aka gan shi. Fari tas, har kana ƙirga ɗigon ruwa a cikinsa. Azariya ya sauke gilashi ya ƙwala kira da sunan mai unguwa, rafi ya haɗiye muryar. Ya kama ƙofa zai fita. Hulda ta riƙe masa hannu, ta ce namiji ya fito daga baƙuwar mota, me yake tsammani? Ita mace ce, ga zanen zumunta a jikinta, babu ɗan ƙauyen da uwarsa ba ta da irinsa. Ta ce ya biyo ta a hankali.

Ta sauka ta shiga gaban mota, hannuwa a sama, tana tafiya tana kiran sunan ubanta, tana cewa 'yar Meshak ce. Motar tana bin ta a baya. Ta yi taku ashirin, ta yi talatin. Sai ta lura da inuwarta, doguwa, baƙa, ta miƙe har bakin gada. Nan ta gane kuskurenta na biyu, kuma wannan ya fi ba ta haushi har yau, don ita ce ta tashi a gindin fitila. Wanda ya tsaya haske yana bayansa ba shi da fuska, ba shi da zane. Daga kan dutse ba mace suke gani ba, baƙin abu suke gani yana tahowa da hannuwa a sama, ko me yake riƙe da shi oho.

Ta juya da sauri. Ta fizge ɗankwalinta, ruwan ɗorawa ne, jiƙe sharkaf, ta manna shi a fitilar hagu. Hasken ya koma ja nan take. Ta tsallaka dama, ta sunkuya tana kwance bakin zanenta don ta rufe ɗayar.

A kan dutse, kamar yadda aka ba da labari daga baya, wani dattijo ya ga jan hasken ya ce a dakata. Amma wani mai suna Zamani, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ƙanensa yana cikin mutum taran nan, ya ga mutum ya sunkuya gefen mota kamar mai ɗauko wani abu. Maganar dattijo da ƙarar bindigar toka tare suka fito. Fitilar dama ta tarwatse a fuskar Hulda.

Ba ta suma ba. Ta zauna a cikin taɓo, hannu a ido, tana jin Azariya yana ihu, tana jin ƙafafu suna saukowa daga dutse. Da suka iso suka haska ta, Zamani ya yar da bindigar ya zube. Uwarsa da Hulda tare aka yi musu baftisma a rafin nan. Abin da Hulda ta ce musu kawai shi ne su ɗage itacen, akwai mace a kan gwiwa.

Mota ɗaya ta kai su asibiti, ita da Serah, da fitila ɗaya ɗaure da ɗankwali. Aka yi wa Serah aiki, aka ciro 'ya mace da rai, likita ya ce da an ƙara awa biyu da ba haka zancen yake ba. Daga idon Hulda aka ciro ɓarɓashin roba uku. Azariya da Serah suka so su sa wa yarinyar sunanta, ta ce a'a, kada a ɗora wa jaririya wannan ranar. Aka sa mata Miriyam.

Bayan wata biyu Azariya ya shigo gidan da fitila a kwali, ta hannu ce amma garau. Ya ajiye a gabanta. Ta gane. Mota ba za ta zauna da ido ɗaya ba, ƙauye kuma ba zai zauna ba mota ba, kuma har ranar ba a daina hawa dutse ba.

Kwana uku ta yi a kan fitilun biyu. Ta kankare feshinta da sanfefa mai kaushi, ta tauna goro ta shafa ruwan, ta kara su a hayaƙin murhu, ta shanya a rana, ta sake. In ta ga ya kama sai ta bi da feshi don ruwa kada ya ɗauke. Duk abin da ubanta ya hana, sai da ta yi shi da gangan, da ido ɗaya, tana kuskure wajen kai hannu ga kwano. Amma ita ba ta taɓa ganin fitilun daga nesa ba. Mutum ɗaya ne ya fi kowa sanin su, shekara biyu yana kallonsu daga sama. Ta aika a kira shi.

Zamani ya zo da doya biyar, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa ɗaga kai. Ba ta yi masa zancen komai ba. Da magariba ta sa Azariya ya fitar da motar bakin layi, ta tura Zamani can ƙarshen layi wajen masu katako, aka kunna. Ya dawo yana murza hula, ya ce ta hagu ta yi, ta dama ta fi ta dā haske kaɗan. Ta ɗauki sanfefa ta koma. Aka sake kunnawa, ya sake tafiya, ya sake dawowa, ya ce saura kaɗan. A karo na uku ya daɗe a can tsaye. Da ya dawo sai ya ce:

"Haka suke, Mama. Motan Baban Miriyam ne."

Hulda ta wanke hannu a bokiti, ta goge a zane. Ta matso kusa da shi har sai da ya dubi fuskarta, farin idon da mai ganin duka.

"To, koma ka ƙara kallo," ta ce. "Ka kalle su da kyau, Zamani. Ba ni da wani idon da zan bayar."

Ya koma ƙarshen layi ya tsaya. Azariya ya bar fitilun a kunne har batir ya fara sanyi.